Malamai a Fagen Raha: Bitar Littafin Muhawarar Latke da Hamantash

Tun daga shekarar 1946, idan sanyi ya fara kankama a birnin Shikago na ƙasar Amurka, manyan malaman jami'ar birnin sukan sanya alkyabbarsu ta ilimi da hulunan da suke sawa ranar yaye ɗalibai, su jeru su shiga ɗakin taro, sannan su hau mumbari ɗaya bayan ɗaya don yin muhawara a kan tambaya guda: tsakanin latke da hamantash, wanne ne gaba? Latke waina ce ta dankalin turawa da ake soyawa cikin mai. Hamantash kuwa kwaɓin fulawa ne mai kusurwa uku, wanda ake cusa wa zaƙi a ciki a gasa. Cikin waɗanda suka taɓa tsayawa a wannan mumbari akwai masu lambar Nobel, akwai shugabannin jami'o'i, akwai masana falsafa da duniya ke karanta littattafansu. Kowannensu yakan zo da kayan aikin fanninsa kaf, hujja da lissafi da ambaton magabata, ya ɗaure fuska tamau yana jawabi, jama'a kuwa suna ta kwasar dariya.

Littafin da nake son mu duba, The Great Latke-Hamantash Debate, tarin zaɓaɓɓun jawabai ne daga wannan muhawara. Ruth Fredman Cernea, masaniyar al'adun ɗan Adam wadda ta daɗe tana aiki da ƙungiyar ɗaliban Yahudawa ta Hillel, ita ta tattara su ta yi musu shimfiɗa. Masanin falsafa Ted Cohen, wanda ya shafe shekaru yana jagorantar zaman, shi ya rubuta gabatarwa, Maɗaba'ar Jami'ar Shikago kuma ta fitar da shi a 2006. A ƙarshensa akwai jerin kalmomin Yidish da na Ibrananci da ma'anoninsu, akwai kuma bayanin yadda ake girka abincin biyu. Ina ganin littafi ne da ya cancanci a karanta shi da natsuwa, domin a ƙarƙashin barkwancinsa akwai tarihin wata al'umma da kuma darasi game da shi kansa ilimi, kuma da wuya ka ga littafin raha da ya ɗauki kaya mai nauyi haka ba tare da dariyarsa ta mutu ba.

Na san cewa a wannan zamani da an ambaci Yahudawa hankalin mai karatu yakan tafi Falasɗinu, kuma da dalili. Wannan littafi a wani fage yake. Al'adar da yake ba da labari ta fara ne a Amurka shekara biyu kafin a kafa ƙasar Isra'ila, tsakanin 'ya'ya da jikokin baƙin da suka yi hijira daga Turai, kuma abin da ke cikinsa girkin iyaye mata ne da karatun makaranta.

Sai mai karatu ya san bukukuwan biyu kafin barkwancin ya kama shi. Latke abincin Hanuka ne, bikin kwana takwas da kan faɗo a Disamba ko ƙarshen Nuwamba. Tushensa tawayen Makabiyawa ne a kan sarki Antiyokus na huɗu, wanda ya hana Yahudawa ibadarsu ya ƙazantar da Haikalinsu na birnin Ƙudus. A shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka ƙwato Haikalin suka tsarkake shi. Littafin Talmud ya ruwaito cewa man fitila mai tsarki da suka tarar na kwana ɗaya ne kacal, amma ya yi kwana takwas yana ci. Don tunawa da wannan mai ne ake kunna fitilu dare takwas, ake kuma cin abin da aka soya. Ana goga ɗanyen dankali da albasa, a matse ruwan, a fasa ƙwai a zuba ɗan gari da gishiri, a riƙa ɗiba ana sakawa a kasko har gefensa ya yi ja ya yi ƙus-ƙus. Da zafinsa ake ci, da markaɗen tuffa ko da kirim ɗin madara mai tsami.

Hamantash na Furim ne, bikin da kan zo a Fabrairu ko Maris, ranar 14 ga watan Adar na kalandarsu. Labarinsa yana cikin Littafin Esta: Haman, wazirin sarki Ahasurus na Farisa, ya ƙulla makircin hallaka Yahudawan daular a rana ɗaya, sai sarauniya Esta da ɗan'uwanta Mordekai suka tona shi, reshe ya juye da mujiya, aka rataye Haman a gungumen da ya tanadar wa Mordekai. Mai karatu Musulmi kada ya haɗa shi da Hamana na fadar Fir'auna da Alƙur'ani ya ambata. Wannan labari ne daban, a Farisa. Ranar Furim ana karanta littafin Esta a bainar jama'a, duk inda aka ambaci sunan Haman yara su kaɗa abin ƙara su buga ƙafa don su danne shi. Ana aika wa maƙwabta abinci, ana ba matalauta kyauta, ana shigar burtu, ana wasan kwaikwayo. Hamantash shi ne abin da ba ya ɓacewa a kwanon da ake aikawa. A da da baƙaƙen 'ya'yan furen fofi da zuma ake cika shi, ko da dafaffun busassun 'ya'yan itace. Wasu suna cewa siffarsa ta hular Haman ce, masu jin Ibrananci kuma suna kiransa kunnuwan Haman.

To, abinci biyu ke nan, kowanne yana ɗauke da labarin wani mai iko da ya so ya shafe su bai yi nasara ba. Idan aka riƙe wannan a zuci, shekarar 1946 sai ta yi nauyi. Shekara ɗaya ke nan da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa gwamnatin Nazi ta kashe Yahudawa kimanin miliyan shida. Garuruwan Folan da Lituweniya da Yukren inda latke da hamantash da harshen Yidish suka bunƙasa an mai da su kufai. A wannan lokaci ne mutum uku a Shikago, wato malamin addini Maurice Pekarsky da ke shugabantar Hillel a jami'ar, da masanin tarihi Louis Gottschalk, da masanin al'adu Sol Tax, suka ga ya kamata a tara ɗalibai a yi musu wani abu da zai saki zukatansu. Abin da suka zaɓa ya ba ni mamaki kuma ya burge ni: su sa farfesoshi su yi gardama a kan girkin kakanninsu mata.

Shimfiɗar Cernea ta yi aikinta sosai a nan, kuma ita ce ta mai da littafin fiye da tarin barkwanci. Ta nuna cewa a wancan zamani malamin jami'a Bayahude a Amurka yakan ajiye asalinsa a gida idan zai fita aiki. Ba a daɗe ba da lokacin da manyan jami'o'i ke ƙayyade yawan ɗaliban Yahudawa da za su ɗauka; shugaban Harvard, Lawrence Lowell, ya fito fili ya nemi a yi haka a 1922. Wanda ya samu shiga sai ya koyi yin magana da shiga da cin abinci irin na masu gida, ya ɓoye lafazin mahaifiyarsa. Muhawarar ta ba waɗannan mutane dare ɗaya a shekara da za su tsaya gaban ɗalibansu, cikin rigar jami'a, su furta kalmomin Yidish da ƙarfi, su yi zancen ƙamshin albasa a kicin ɗin uwarsu. Ɗalibin da ke jin kunyar inda ya fito sai ya ga farfesan da yake tsoro ashe shi ma da latke aka yaye shi. Jami'ar Shikago kuma ba wurin wasa ba ce: a nan Enrico Fermi da abokan aikinsa suka fara sarrafa makamashin nukiliya a ranar 2 ga Disamba, 1942, kuma jami'a ce da ta soke ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a 1939 don kada wasa ya shiga gaban karatu. A irin wannan gida mai tsanani ne wannan al'ada ta tsiro, ta tashi daga ƙaramin ɗaki ta koma babban zauren Mandel, ta kuma bazu zuwa wasu jami'o'i irin su Princeton da Harvard da MIT. Daga baya ma an riƙa gayyatar malaman da ba Yahudawa ba.

Daɗin littafin yana ga jawaban kansu, kuma mafi kyawunsu suna da siffa ɗaya: malami ya ɗauki ainihin aikin da ya yi suna da shi ya kifa shi a kan kasko. Martha Nussbaum ita ce misalin da ya fi tsaya mini. Masaniyar falsafa ce da adabin Girka, kuma a littafinta The Fragility of Goodness na 1986 ta yi dogon nazari a kan Hekuba, sarauniyar Taroy da Yurifidis ya sa a wasan kwaikwayo, matar da aka ci garinta aka kashe mata 'ya'ya. A muhawarar sai Nussbaum ta zo da makokin Hekuba, da salonsa da ɗaukakarsa, amma a kan latke da hamantash. Abin yana ba da dariya ne saboda an yi shi daidai. Wanda bai shafe rayuwarsa cikin waɗannan wasanni ba ba zai iya kwaikwayon muryarsu haka ba, kuma ana jin ƙaunar da take yi wa abin da take wasa da shi a kowane layi.

Haka Leon Lederman. Ya samu lambar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1988 tare da abokan aikinsa biyu, a kan binciken da ya nuna cewa wasu ƙananan ƙwayoyin halitta bibbiyu suke zuwa, kowacce da abokiyar tafiyarta. Da ya hau mumbari sai ya ƙi raba gardamar, ya ce latke da hamantash su ma tagwaye ne irin na ƙwayoyin halitta, ɗaya ba ya cika sai da ɗaya. Hanna Gray, wadda ta shugabanci jami'ar daga 1978 zuwa 1993, masaniyar tarihin zamanin farfaɗowar ilimi a Turai ce, don haka ta kafa hujja cewa wannan farfaɗowa daga farfaɗowar latke ta samo asali. Mai sauraron da ya san tarihi yana da dariya biyu a nan, domin dankalin turawa daga tsaunukan Kudancin Amurka ya fito, bai isa Turai ba sai ƙarni na 16, bayan farfaɗowar ta yi nisa a Italiya, kuma sai a ƙarni na 19 ya zama cimar talaka a gabashin Turai. Wendy Doniger, masaniyar tarihin addinai, ta yi wa hamantash fassara irin ta masu neman allolin mata na dauri a cikin kowace siffa, ta mai da shi alamar mahaifa. Allan Bloom ya ƙulla labarin maƙarƙashiya tsakanin masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud da kamfanin Manischewitz, wanda tun 1888 yake sarrafa abincin kosha, wato halal ɗin Yahudawa, a Amurka. Masanin harshe Michael Silverstein ya ɗauki haruffa huɗu da ke jikin katantanwar da yara ke juyawa a Hanuka, ya bi da su ta hanyoyin fanninsa har suka fitar da sunan Tums, maganin ƙwannafi, wanda duk mai cin soyayyen dankali dare takwas ya san amfaninsa. Milton Friedman, mai lambar Nobel ta tattalin arziki ta 1976, shi ma yana ciki. An jawo tarihin Sin, an jawo littattafan Jane Austen, an jawo dokokin tsarin mulki.

Akwai wani sashe da na tsaya a kansa fiye da sauran, inda malamai mata suka ɗauki batun ta fuskar aikin gida. Wa ke goga dankalin har yatsu su yi jini? Wa ke tsaye gaban mai yana fantsama, tana soyawa tana miƙawa, alhali maza da yara suna zaune suna ci da zafinsa? Hamantash ana iya gasa shi tun jiya a ajiye, mai girki ta zauna a ci da ita. An faɗi wannan cikin wasa, da yaren masana zamantakewa da aka ƙara wa gishiri da gangan, amma tambayar gaskiya ce, kuma na tabbata matan da ke zauren sun ji ta a jikinsu. A irin wannan wuri ne littafin ke nuna ƙarfinsa: kana cikin dariya sai ka ga an faɗa maka abin da ba a iya faɗa a taron da ba na wasa ba.

Dokokin kosha ba su ne kan maganar littafin ba, amma a kansu komai ke zaune, kuma mai karatu Bahaushe zai shiga wannan duniya da sauƙi fiye da Bature da yawa, tunda ya san abin da ake nufi da abinci ya zama halal ko haram. Bayahude mai kiyaye addini ba ya cin alade, ba ya cin jini, ba ya cin dabbar da ba a yanka ta bisa ƙa'ida ba. Dokokinsu sun fi namu yawa ta wasu fuskoki: dabba sai mai tuƙa kuma mai rababben kofato, don haka raƙumi haram ne a wurinsu, kifi sai mai ƙege da ɓawo, don haka tarwaɗa ba ta shiga tukunyarsu. Babbar dokar da ba mu da ita ita ce ta raba nama da nono. Daga hanin da Attaura ta maimaita sau uku game da dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa, malamansu suka fitar da tsari cikakke: tukwane daban, kwanuka daban, cokula daban, da jira tsakanin cin nama da shan nono, wanda a wurin da yawa yakan kai awa shida. Ka ga ke nan ko latke ba ta tsira daga fiƙihu ba. A gabashin Turai da kitsen dinya ko na kaza ake soya ta, saboda man zaitun ya fi ƙarfin talaka. Wadda aka soya da kitse kuwa ta zama nama, ba za a ɗora mata kirim ba, sai tuffa. Hamantash ma sai an yi shawara: a kwaɓa da man shanu ya yi daɗi amma a hana shi teburin nama, ko a kwaɓa da man gyaɗa da makamantansa ya shiga ko'ina. Mutanen da suka tashi suna jin ana tattauna hukuncin cokali da tukunya da irin natsuwar da ake tattauna gado, su ne za su ga cewa tsayar da farfesoshi a kan waina ba baƙon abu ba ne. Sun ɗan ƙara wa abin da suka saba tsawo ne kawai.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi yabawa a aikin Cernea, wato yadda ta mayar da muhawarar ga asalinta. Talmud littafin gardama ne. Ana kawo ra'ayin wannan malami, a kawo na wancan, a adana har wanda aka kayar, wasu tambayoyin ma a bar su a buɗe ba hukunci. Ko a kan fitilun Hanuka akwai saɓani sananne: makarantar malamin dauri Shammai ta ce a fara da takwas a riƙa ragewa, makarantar malamin dauri Hillel ta ce a fara da ɗaya a riƙa ƙarawa, aka bi ta Hillel amma ba a goge ta Shammai ba. A gefen wannan karatu mai tsanani kuma, tun da daɗewa, akwai al'adar juya shi a ranar Furim. A ƙarni na 14 wani malami mai suna Kalonimus ɗan Kalonimus ya rubuta wani babi na ƙarya da salon Talmud, yana tattauna hukunce-hukuncen ci da sha na bikin da duk ƙa'idojin malamai. Wasu malamai sun yi tir da shi, amma al'adar ta rayu, har makarantun addini na gabashin Turai suka riƙa naɗa ɗalibi ya zama malamin Furim na yini guda yana kwaikwayon malamansa. Abin da aka yi a Shikago shi ne aka ɗauko wannan tsohuwar al'ada aka canza mata littafi: maimakon Talmud sai falsafar Girka da lissafin tattalin arziki da ilimin ƙwaƙwalwa.

Bahaushe ya san ɗan'uwan wannan abu. 'Yan kama sun daɗe suna ɗaukar muryar malami mai karatu, ko waƙar shahararren mawaƙi, su bi salon daidai amma su cika shi da zancen tuwo da miya da nama, kasuwa ta taru tana dariya. Abinci ne makaminsu domin shi ne ke daidaita kowa. Duk girman rawani, ciki ɗaya ne. Bambancin da ke nan shi ne ɗan kama daga waje yake kallon malami, a Shikago kuwa malamin ne da kansa ya sauko ya karɓi gangar. Wannan ya fi wuya, domin sai mutum ya aminta da iliminsa ƙwarai kafin ya yarda ya nuna wa ɗalibansa inda ɗinkinsa yake.

Ɗinkin kuwa ana ganinsa. Idan masanin tarihi zai iya jera shaidu masu kama da gaskiya har ya kai ga cewa waina ce ta haifi wayewar Turai, idan masanin harshe zai iya fitar da sunan magani daga haruffan Ibrananci ba tare da ya karya ƙa'idar fanninsa a fili ba, to ɗalibi ya koyi wani abu da lacca goma ba za ta koya masa ba: tsarin hujja da yawan ambaton manyan sunaye ba su ne gaskiya ba. Mai wayo yana iya fara da sakamakon da yake so ya gina masa matakala daga baya. Wanda ya karanta wannan littafi zai riƙa gane wannan dabara idan ya gamu da ita a inda ba wasa ake ba, a jarida ko a mujallar ilimi ko a bakin ɗan siyasa. Na ɗauki wannan a matsayin babbar hidimar da littafin ya yi, kuma malaman da suka yarda suka yi ta sun cancanci girmamawa.

Ted Cohen yana da nasa littafi a kan barkwanci, Jokes, da ya fito a 1999, inda ya ce yawancin barkwanci da sharaɗi yake zuwa: mai saurare sai ya kawo wani abu daga wurinsa, sani ko imani ko tarihi, kafin abin ya tashi, kuma idan ya tashi yakan ƙulla kusanci tsakanin mai faɗa da mai ji. Wannan ra'ayi yana bayyana ƙarfin littafin da muke dubawa, yana kuma bayyana rauninsa. A zauren Mandel sharaɗin a cike yake: mutane sun san Yidish ko ɓurɓushinta, sun san malamin, sun san littafin da yake wasa da shi. A takarda, musamman ga mai karatu daga nesa, wasu jawaban sukan yi sanyi. Da yawa an gina su ne a kan wasa da kalmomin Ingilishi da Yidish, irin wanda ba ya tsallake harshe. Wasu sun dogara ga muryar mai jawabi da tsayawarsa da kallon da yake yi wa jama'a, abubuwan da tawada ba ta riƙewa. Jerin kalmomin da ke ƙarshe yana taimakawa, amma barkwancin da sai an duba ƙamus ya riga ya huce.

Akwai kuma maimaici. Siffa biyu ce kawai a hannu, da'ira da kusurwa uku, kuma malamai da yawa sun faɗa rami ɗaya: wannan siffar mace ce, waccan ta namiji, sai a kira Freud. Na farko yana da daɗi, na biyar ya gundura, kuma wasu daga cikinsu sun yi nisa da batsa fiye da yadda mai karatu a wurinmu zai so, don haka ba littafin da za a miƙa wa yaro ba ne. Da Cernea ta rage kaɗan daga irin waɗannan da littafin ya ƙara ƙarfi. Shawarata ita ce kada a karanta shi a zama ɗaya. An yi jawaban ne shekara-shekara, 'yan kaɗan a dare guda, kuma a haka suka fi shiga.

Ƙorafina na ƙarshe game da faɗin hoton ne. Latke da hamantash abincin Yahudawan Ashkenazi ne, na tsakiya da gabashin Turai, waɗanda su ne mafi yawa a Amurka. Yahudawan Maroko da sfenj suke bikin Hanuka, wani soyayyen kwaɓi mai rami a tsakiya da maƙwabtansu Musulmi ma suke ci. Zuriyar waɗanda aka kora daga Sifen a 1492 suna da bimuelos da ake tsomawa a zuma. Mai karanta littafin nan zai iya fita da zaton cewa Yahudanci duka dankali ne da Yidish. Laifin na muhawarar ne fiye da na mai tattarawa, domin ita Cernea ta san sauran duniyar sarai. Ita ce ta rubuta littafi a kan Yahudawan Bagadaza da suka zauna a Bama.

Duk da haka ban ga inda rahar ta taɓa abin da waɗannan mutane ke tsarkakewa ba. Girman kan malamai ake yi wa dariya, da yaren jami'a mai kumbura, da halin ɗan Adam na son ya yi nasara a gardama ko da a kan me. Abincin kuwa da ƙauna ake ambatonsa, da iyayen da suka girka shi. Ba a taɓa rufe gardamar da hukuncin ƙarshe ba, kuma bisa al'ada idan an tashi daga zaure sai a tafi a ci duka biyun. Cernea ta rasu a 2009, Cohen a 2014, Friedman da Lederman da Bloom duk sun riga mu, kuma yawancin abin da aka faɗa a waɗancan darare da iska ta tafi da shi in ba don wannan littafi ba.

Ina ba da shawararsa ga malaman jami'o'inmu da ɗalibansu na gaba da digiri, musamman masu nazarin adabin baka da barkwanci, domin akwai aikin kwatance mai kyau da ke jiran wanda zai ajiye wannan littafi kusa da fasahar 'yan kama. Mai jin Ingilishi da ya same shi ya fara da shimfiɗar Cernea, ya bi da jawabin Nussbaum da na Gray da na Lederman, sauran kuma ya riƙa ɗiba a hankali.